Mai Askin da Gada Ta Hana Sarauta

Mai askin layinmu, wanda kowa ke kira Saura Ƙiris, ya tsufa a shago ɗaya, a gaban madubi ɗaya mai tsagewa a kusurwa, kuma bai taɓa yarda cewa aski ne aikinsa ba. Aikinsa sarauta ne. Gada ce kawai ta karye.

Duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya haddace labarin. Tsohon sarkin ƙasar, tun zamanin kakanni, yana da 'ya'ya maza biyu. An yi wa ƙaramin alkawarin 'yar wani attajiri, domin fada na bukatar dukiya, attajiri na bukatar suna. Biki ya matso sai aka tafka ruwa, kogi ya cika, gada ta karye, amarya da kayanta suka maƙale a ƙetare. Kafin a gyara, sarkin maƙwabta ya miƙo tasa 'yar, wadda babu kogi tsakaninta da ango. Ba a jima ba babban ɗan ya faɗo daga bene ya mutu, ƙaramin ya hau gado. Amaryar da ta maƙale kuwa ta ƙare a ɗakin wani mai gyaran takalma. Ita ce kakar Saura Ƙiris.

Ba da baki kaɗai yake ba da labarin ba. A kan kantar da ke ƙarƙashin madubi kowane kayan aiki yana da muƙaminsa. Burushi ne tsohon sarki. Aska babban ɗa, almakashi ƙarami. Kwanon sabulu kogi, babban mataji kaka, kwalbar turare gidan sarautar yanzu. Can ƙarshen kanta akwai wani ƙaramin mataji baƙi da wasu haƙoransa suka karye, shi ne 'yarsa. Sau da yawa mutum zai zauna da rabin kai a aske, kumfa na bushewa a wuyansa, yana jiran aska ta gama faɗowa daga bene.

Wani malamin makaranta ya taɓa cewa, "Amma maigida, da ta auri ɗan sarkin, ai ba mahaifinka za ta haifa ba. Wani ne daban." Saura Ƙiris ya dube shi ta madubi, ya ci gaba da aski. Malamin ya koma gida da auduga a kunne, kuma ba a sake samun mai shakka a ƙarƙashin askar ba.

Mutanen layi ba su da silima, suna da shi. Gwanin tsokanarsa shi ne Tela, mai shago jikin nasa, wanda kullum da safe yake leƙowa da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya talakawa?"

"Ga su nan, gashi ya yi musu yawa."

"To da a ce babban ɗan bai faɗo ba fa?"

Shi ke nan, an samu abin yi har azahar.

Matar Saura Ƙiris ta rasu tun 'yarsu tana makaranta. 'Yar ta girma, tana aiki a kantin magani a bakin titi, tana dafa masa abinci, tana wanke masa tawul. Layin ya laƙa mata Gimbiya, sunan da ba ta taɓa amsawa ba. Ta haura talatin. Masu nema sun zo, kowanne ya ji labarin gada, ya ji inda kakansa zai tsaya a bakin ƙofa da gada ba ta karye ba, ya sa takalminsa.

Sai Mai Firiji, wani mai gyaran firiji mara yawan magana, hannunsa kullum da baƙin mai. Shi ya zauna ya saurari labarin har ƙarshe, ya dawo ya sake saurara, ya biya kuɗin askin da ya fito a karkace. Idan ta tashi daga aiki yakan tura babur ɗinsa ya rako ta a ƙasa. An ji ta tana dariya a titi, abin da ya sa wasu suka leƙo ta taga. Ya ce kawunnansa za su zo neman aure, uban ya gyaɗa kai, aka tsayar da ranar zuwansu.

Ana cikin jiran ranar wata doguwar mota baƙa ta tsaya a ƙofar kantin magani. Wani mutum mai agogon zinare ya shiga ya sayi maganin tari ya fita. Iyakar abin da ya faru ke nan. Tela ya ɗauki labarin ya yi masa aljihu da maɓalli.

"Ranka ya daɗe, ka san waye mai motar nan? Jikan gidan ne. Na can gidan." Ya nuna kwalbar turare da haɓa. "Ya tambayi 'yar waye wannan. Da aka faɗa masa ya ce ashe jinin yana nan."

Masu jiran aski suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Saura Ƙiris ya ajiye almakashi. Ya ɗauki ƙaramin matajin daga ƙarshen kanta, ya tsallakar da shi kwanon sabulu, ya ajiye shi jikin kwalbar turare.

"An gyara gada," ya ce.

Ranar da kawunnan Mai Firiji suka zo cikin manyan kaya, a shago ya karɓe su, ba a gida ba. Ya zaunar da dattawan a bencin masu jira, ya ba su tarihin tun daga burushi. Sannan ya ce akwai maganar da ta riga tasu, daga sama, amma kada su damu, idan abu ya tabbata gidan sarauta ba ya rasa firiji mai bukatar gyara. Babban kawun ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa daga gashin mutane, ya ce sun gode da karatu.

Da 'yar ta dawo daga aiki ta same shi yana wasa aska.

"Baba, maganin tari ya saya. Ko kallona bai yi ba. Canjinsa ma direba ne ya karɓa."

"Manya ba sa kallo a gaban mutane."

"Baba, ina son mutumin nan. Shi kaɗai ya rage."

"Kakata ma haka ta ce a kan mai takalma. Ga mu nan."

Washegari ta shiga shagon Tela, ta tsaya a kansa har ya ɗaga ƙafa daga keke.

"Kawu Tela, tun ina rarrafe ka san ni. Ka je ka faɗa masa ƙarya ka yi."

"Haba Gimbiya, wasa ne fa. Ke ba ki san wasa ba?"

"Ka je."

A yi wa Tela adalci, ya je. A gaban mutane ya ce wasa ne, bai san mai motar ba, ko lambarta bai gani ba. Saura Ƙiris ya saurara da murmushi, ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya.

"Sun ce ka yi shiru ko? Na gane. Haka ake yi a fada."

A wannan makon ya juya kujerar aski ta fuskanci titi, don kada mota ta wuce bai gani ba. Tun daga nan mutanen layin ba sa ganin kansu a madubi sai an gama.

Mai Firiji ya yi ta zuwa bakin kantin magani na ɗan lokaci. Amma mahaifiyarsa ta rantse ɗanta ba zai shiga gidan da aka zaunar da 'yan'uwanta a bencin aski ba, shi kuma mutum ne da ya saba idan injin ya ƙone a sayo wani. Kafin shekara ta zagayo aka sa masa rana da 'yar ƙanwar Tela. Tela ne ya ɗinka kayan biki, kuma kowa ya yaba ɗinkin.

Da safen ɗaurin aure ango ya zo aski, don babu wani mai aski a layin. Saura Ƙiris ya yi masa da kyau, ya shafa masa hoda, ya ƙi karɓar ko sisi.

"Kada ka riƙe ni a rai, ɗana. Auren manya ba so ba ne, lissafi ne. Da a ce gada ba ta karye ba, ai da ko gaisawa ba za mu yi ba."

'Yar mai askin tana tsaye a bakin ƙofa da tawul wankakku a hannu. Ta jira ango ya fita ta gefenta yana kallon ƙasa. Ta ajiye tawul ɗin, ta ɗauki ƙaramin matajin daga jikin kwalbar turare ta sa a jaka. Da ma ta nemi a mayar da ita reshen kantin da ke wani gari, an kuma amince. Ta bar wa uban abinci a rufe, da makulli a ƙarƙashin kwano, ta tafi.

Bai lura da kantar ba sai da wani baƙo ya zauna a kujera, Tela ya leƙo ya ce a ba baƙo tarihi. Burushi ya haifi 'ya'yansa, kogi ya cika, aska ta faɗo daga bene. Da aka iso ƙarshe ya miƙa hannu jikin kwalbar turare, ya taɓa katako. Hannun ya tsaya a wurin. Masu jira suka daina motsi, har Tela ya sami abin kallo a ƙasa.

Saura Ƙiris ya duba hagu, ya duba dama. Ya cire murfin gwangwanin hoda, ya hure shi, ya ajiye a gurbin.

"Wannan ita ce 'yata," ya ce wa baƙon. "Ɗaga haɓa."