Ɗakin Baba da Kwalaben Yaya

Ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidanmu na tsohon garin Agadas shi ne na Baba. Ginin ƙasa ne na kakanni, bango mai kauri, rufin azara. Ko bazara ta kai inda ta kai, mutum ya shiga sai ya ji kamar ya tsoma ƙafa a randa. A nan Baba yake wuni tun da ƙirji ya hana shi ɗinkin fata. Wannan ɗakin ne yayana ya fitar da tsoho daga ciki ya zuba kwalaben giya.

Yaya ya samu kuɗi a zinariyar Jado, kuɗin kuma suka zo masa da abokai. Cikinsu akwai wani Bafaranshe da ya saba kai baƙi Iferwan, shi ya hure masa kunne cewa a ƙasarsu akwai jar giyar inabi da ba a gaggawar sha, ajiye ta ake yi, tana tsufa tana tsada. Gwanjonta ake yi, masu hali suna ture juna da farashi. Na ga Yaya da idona a zaure, salula a kunne, yana zufa yana cewa a ƙara, a ƙara, kamar mai cinikin raƙumi a Ingal. Mutumin da ko warin abin bai sani ba. Da na yi magana sai ya ce shi ba sha zai yi ba, dukiya ce kamar zinariya, ni me na sani a harkar kasuwa.

Bafaranshen ya ce a bar kwalaben can ƙasarsu, suna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na ajiya. Yaya ya ƙi. Mutumin garinmu bai yarda da dukiyar da ba zai buɗe ƙofa ya leƙa ba. Haka aka sha fama da jirgi da mota da ƴan duwan, wato kwastan, har akwatunan katako suka iso gidanmu. Sai a lokacin ya gane wai abin ba ya son zafi, ba ya son haske, ba ya son girgiza. Lalurar Baba sak, sai dai su kwalaben da tsada aka saye su.

Aka fasa bangon kakanni aka sa klim, na'urar sanyaya ɗaki, aka ajiye injin wuta a tsakar gida, aka datse ƙofa da kwaɗo. Baba aka mayar da shi sabon ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda da rana ko akuya ba ta yarda ta kwanta a ciki. Yaya ya ce masa magungunan Turawa ne aka ba shi ajiya. Baba ya ce in dai magani ne na bayin Allah, ai maganin ya fi shi buƙatar ɗakin.

Kullum ina kai masa abinci daga gidan mijina. Wata rana da azahar na iske ya shimfiɗa tabarma a bakin tsohon ɗakinsa, ya kara fuska kusa da dokin ƙofa, inda ɗan sanyi ke fitowa ta ƙasa. Ubana da ya haife mu yana kalen iska a ƙofar ɗakinsa. Raina ya ɓaci. Na samu Yaya na ce ya sa wa Baba klim shi ma. Ya ce injin ba zai ɗauki biyu ba, kuma sanyin klim ba shi da kyau ga mai ciwon ƙirji. A take ya zama likita.

Daga nan Baba ya mayar da bakin ƙofar nan wurin zamansa. Ɗakin yana gabas da tsakar gida, don haka a nan yake salla a zaune, goshinsa na sauka dab da ƙofar.

Shi da kansa ya tambaye ni. Ya ce wane irin magani ne wannan da bai taɓa ganin an fitar da ko kwalba ɗaya an ba marar lafiya ba? Na gaya masa giya ce, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya kalli kwaɗon.

"Duk sallolin nan, ita na sa a gaba?"

Ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya ture hannuna da na kai, ya ja ƙafa ya shige ɗakin kwano.

Yaya ya zo mini yana huci, wai na tona masa asiri, wai ina so in kashe tsoho. Na ce masa ai shi ya fara, ni tarar da aikin na yi. Kafin mako ya kewayo ya loda akwatunan a mota zuwa Yamai, cikin ranar nan da aka ce ba su so. Ko sun lalace a hanya ban tambaya ba, ban kuma damu ba. Ya sa aka wanke ɗakin, aka turara, aka mayar da gadon Baba, aka kunna klim. Sannan ya je ya durƙusa a ɗakin kwano, zufa na zuba, yana roƙon Baba ya koma. Ina tsaye a bakin ƙofa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bar shi, Alhaji. Ka fi ni sanin abin da ya cancanci sanyi."

Bai sake taka ɗakin ba. Bazarar nan da ta bayanta a ƙarƙashin kwano ya yi su, ina yi masa fifita da jiƙaƙƙen zane.