Takardun Ƙunshin Kanumfari

A shekarar da ƙanena ya cika bakwai, ni ce 'yar aiken gidanmu a unguwar Koki, kuma ban taɓa yin aiken nan da daɗin rai ba. Shi ba a aikensa. Yana da sikila, idanunsa kullum rawaya-rawaya, in ciwon ya tashi sai ya naɗe a kan tabarma yana cizon zanin Umma. Hanta tasa ce, madara tasa ce, inuwar rumfa ma tasa ce. Ni kuwa da rana tsaka za a miƙo min kuɗi a ce in je kasuwar Kurmi in sayo citta da kanumfari na kununsa.

Wajen wani tsoho nake saya, ta ɓangaren Jakara. Ba ya zuba kaya a leda. Tsofaffin littattafan Turawa yake saye a kan kilo, yana yagar takarda ɗai-ɗai yana ƙunshi da ita. Wata rana ya ƙunsa min kanumfari a takarda mai zane kala-kala, irin littafin nan da hotuna ke ba da labari. Da Umma ta juye kayan, ƙanena ya ɗauki takardar ya miƙar da ita a kan cinyarsa.

Cikin wani kumbo ne a sararin samaniya. Ta taga ba a ganin komai sai baƙi ƙirin da taurari. Mutane kwance birjik, farare fat kamar an shafe su da alli, cikinsu har da wani yaro. Ga kuma wani jarumi mai jar alkyabba a durƙushe, fitilar da ke ƙirjinsa ta mutu. Ni tsigar jikina ce ta tashi. Shi kuwa cewa ya yi gobe in koma wajen tsohon nan.

Haka takardun suka riƙa zuwa, kowace da ƙamshin yaji da tabon mai. A ta biyu da ta uku wasu dogayen mutane suka bayyana, masu fiƙoƙi, ba su da inuwa, sun sunkuya a kan wuyan na kwance. A na gaba sai ga na kwancen a tsaye, kumatunsu da jini, fitilar jarumin ta kama. Ƙanena bai taɓa zuwa boko ba, allo kawai Kaka ke biya masa a gida, don haka da yatsa yake bin hotunan daga dama zuwa hagu. Ya yi min bayani dalla-dalla, wai wannan zamani ne mai nisa, bayan shekaru dubbai, kuma dogayen nan likitocin lokacin ne. Ba ruwansu da allura, ba ruwansu da neman ɗan'uwan da jininsa ya dace. Su zo, su zuba maka jini ta wuya, ka miƙe. A lokacin Babanmu ya ba da jini har likita ya hana shi, 'yan'uwa kuma sun fara kauce wa idonsa.

Kaka ta leƙa sau ɗaya ta ce mayu ne, a ƙona. Ya ɓoye su a cikin rigar matashinsa.

Bayan azahar, lokacin da gida ke yin tsit, sai in same shi kwance a soro yana fuskantar ƙofa, ya ja wuyan rigarsa ƙasa, ya karkatar da kai, ido a buɗe ko ƙiftawa ba ya yi. In na tambaye shi sai ya ce jira yake. Wai can sama babu asuba babu magariba, don haka ba su san lokaci ba, kowace sa'a suna iya zuwa. Ran nan ina tsaye a kansa na ga wani dogon abu ya tare hasken ƙofa. Ashe ɗan garuwa ne. Ƙanena ya dube shi ya yi tsaki, ya ce wannan ai yana da inuwa.

Ni ce na lura da lambobin. Ina aji biyar, kuma ina ji da kaina. A ƙasan kowace takarda akwai lamba, kuma raguwa suke yi. Da na koma Kurmi na tsaya na zuba wa tsohon ido, sai na ga yadda yake buɗe littafin: ta hannun dama, kamar yadda yake buɗe Alƙur'aninsa, nan ne farko a wajensa. Ashe daga ƙarshe yake yago mana labarin. Dogayen nan shan jinin suke yi. Takardar da muka fara samu, ta mutanen kwance, ita ce inda labarin ya ƙare.

Na yi makonni ban faɗa ba. Ƙanena yana cin abinci sosai a kwanakin, har Umma ta fara dariya. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, har da daɗin na san abin da bai sani ba.

Ranar da na faɗa, silifas ɗina ne ya tsinke a hanya, na dawo ƙasa na ƙona min ƙafa, kaina na sarawa. Ina shigowa ya fizge ƙunshin, kanumfari ya watse a tsakar gida, Umma kuma ni ta rufe da faɗa. Shi ko kallona bai yi ba, yana duba sabuwar takardarsa. Na ce masa labarin banza ne. Ya ce ni ba na gane komai. Raina ya ɓaci iya ɓaci. Na zaro takardun daga matashin, na jera su a kan tabarma bisa lamba, na kama yatsansa na bi da shi daga hagu zuwa dama. Mutane na tsaye, dogayen suka sunkuya, mutane suka kwanta, fitila ta mutu.

Bai yi kuka ba. Ya sake bi da kansa, a hankali, har sau biyu. Sannan ya ɗago.

"Yaya, to ni ina kan wace lamba?"

Na ce wasa nake yi, na hargitsa takardun na tura masa. Bai sake taɓa su ba, bai kuma sake kwanciya a soro ba.

Bayan sati biyu ciwon ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. Kawunmu ya ba da jini. Ina zaune a gefen gadon da hantsi, ledar jini a rataye, jan siririn tiyo ya sauko zuwa hannunsa. Ya daɗe yana kallon tiyon.

"Shiga yake ko fita?"

Na rantse masa da Allah shiga yake. Ya dube ni irin kallon da ya yi wa ɗan garuwa, ya juya fuskarsa bango. Kwana uku bayan nan ya rasu, da la'asar.

Na san ba takarda ce ta kashe shi ba. Likita ya faɗi abin da ya faru, kowa kuma ya ce kwana ne ya ƙare. Abin da ke ci na shi ne da na yi shiru, da ya tafi yana jiran masu zuwa su tashe shi. Ni na sa ya tafi yana tsoro.

Bayan sadakar bakwai aka sake aike na, don masu zuwa gaisuwa suna shan kunu. Tsohon ya tambaye ni mai jiki, na faɗa masa, ya yi addu'a, ya yagi takarda ya ƙunsa min. Ita ce ta ƙarshe a littafin, mai lamba ɗaya. Yaron nan ne a ƙofar gidansu, lafiyarsa ƙalau, kumbo a bayansa, uwarsa ta ware hannuwa. Na san sallama suke yi. Na kai ta gida na sa ta a ƙarshe.

Har yau suna nan a cikin wani gwangwani, ƙamshin kanumfari bai bar su ba. Bara 'yata ta gano su, ita da ke karanta irin waɗannan a waya. Ta ce min ai a hargitse suke, ta fara neman lamba ɗaya. Ban san lokacin da na buge mata hannu ba.