Gaiwar Tsakiyar Tafki

Tafkinmu ba na a zo a gani ba ne. Yana gefen kogin Binuwai, tafiyar hantsi daga unguwar Pumpumre inda muke zaune a Garwa, kuma ko a cikarsa ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba. Da damina kogi ke tumbatsa ya zubo masa ruwa da kifi, karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, mu yi ta su har ruwan ya janye. In ya ƙafe ƙaf sai a bar mu da gaiwa, don ita ba ta bin ruwa ta gudu. Nutsewa take cikin taɓo, ta naɗe kanta a wata jaka ta yauƙi, ta bar 'yar ƙofa a sama kamar bakin kwalba, ta kwanta sai wata damina.

Babana ne gwanin gaiwa a tafkin, ko bayan da idonsa ya tafi. Yakan durƙusa a kan busasshen taɓo, ya yi ta ƙwanƙwasa ƙasa da yatsu a hankali. Ita kuma baiwar Allah sai ta zaci ruwan sama ne ya sauko, ta amsa daga ƙasa da wani irin nishi, sak na tsoho mai ciwon baya. Na haura talatin a lokacin, da 'ya'yana biyu, amma ban taɓa jin nishin nan tsigar jikina ba ta tashi ba. Dokarsa ɗaya ce: a haƙi na gefe, a bar na tsakiyar tafki. Su ne iri, su za su haifi na baɗi.

Sai shekarun farin nan suka zo. Damina biyu kogi bai shigo mana yadda ya saba ba. Jiragen ruwan da kan hauro ɗaukar auduga da gyaɗa ma ba su ga ruwan isowa tasha ba. Shugaban ƙasa ɗan garinmu ne a lokacin, muna ta taƙama da haka, amma bai sa Binuwai ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Mutane suka yi ta gangarowa daga arewa, wasu tun daga wajen Kolofata, wasu daga kan duwatsu, kowa da fartanyarsa da yunwarsa. Duk inda suka ga 'yar ƙofa a taɓo sai su haƙa. Yau ba na ganin laifinsu. A lokacin kuwa ji nake kamar in shaƙe su.

Ƙafafun Baba sun riga sun ƙi ɗaukarsa. Ya kira ni bakin tabarmarsa ya ce, "Ka kula min da na tsakiya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ni kuma sarkin dabara, sai na ce ai abin da ido bai gani ba fartanya ba ta haƙo shi. Na ɗauki tulu biyu na ruwa, na kwaɓa yumɓu, na bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya ina liƙewa. In na liƙe sai in danne da diddige, in watsa busasshiyar ƙasa a kai. Safiya uku ina wannan aiki. Na san gaiwa da iska take rayuwa, sau nawa na ga ta ɗago kai daga ruwa ta shaƙa. Amma na ɗauka wadda ta haƙura da ci da sha wata da watanni, ai ta haƙura da iska ma. Ban tambayi Baba ba. Ni mutum ne da tambaya ke yi wa nauyi, har yau ban warke ba.

Ina dannawa, wasu daga ciki suka yi ta nishin nan a ƙarƙashin ƙafata. Har dariya na yi, na ce musu su yi haƙuri, gata nake musu.

Dabarar ta ci. Baƙin suka zo suka zagaya tsakiyar tafkin, ba su ga komai ba, suka wuce. Na yi ta ɗaga kafaɗa ni kaɗai.

Kusan ƙarshen rani jikin Baba ya tsananta, ya daina karɓar ko kunu. Wata safiya ya ce romon gaiwa yake sha'awa. "Ɗauko ɗaya daga na tsakiya," in ji shi, "Allah ya yafe mana."

Na je na durƙusa, na ƙwanƙwasa ƙasa yadda yake yi. Shiru. Na matsa gaba na sake. Shiru. Sai na sa fartanya. Wari ne ya fara tarbata kafin in kai ga jakar. Na haƙa ta biyu, na haƙa ta uku. Ban san lokacin da na yar da fartanyar na koma tono da hannu ba. Har aka yi la'asar ina tsakiyar tafkin nan, ban sami mai rai ko ɗaya ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a cikin ruwa mai zurfi.

Na dawo gida na shiga ɗakin Baba, na zauna a bakin tabarmarsa. Ya lalubo hannuna, ya kai hancinsa, ya daɗe yana riƙe da shi.

"Me ka yi musu?"

Na gaya masa, da yumɓun da diddigen, ban rage komai ba.

"Duka?"

"Duka, Baba."

Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Can ya ce, "Da kake liƙewa, ka ji motsinsu?"

Na ce, "A'a. Ban ji komai ba."

Ya sauke ajiyar zuciya. "To, alhamdu lillahi. Cikin barci suka tafi ke nan, ba su sani ba." Ya saki hannuna ya juya ya fuskanci bango.

Kwana tara ya ƙara a duniya, kullum ina zaune a gefensa, ni ke ba shi ruwa, ni ke juya shi. Ban gyara maganar ba.