Tsatsar da Ba Ta Ci Ƙarfe Ba

Ina shigowa na ga manaja tsaye a gaban teburin Anti Dalma, yana jujjuya allon na'ura a hannu kamar mai duba ruɓaɓɓen kaya.

"Ashe ke ce kike haɗa mana kaya masu tsatsa?"

Anti ta ɗaga gilashinta zuwa goshi. "Tsatsa kuma, yallaɓai? A ina?"

Nan take na gane daga bakina maganar ta fito.

Anti Dalma ta fara riƙe ƙarfen solda ne a rumfar gyaran rediyo ta mahaifinta, tun tana tsayawa kan bulo kafin hannunta ya kai tebur. Da mijinta ya rasu, da wannan ƙarfen ta yi wa 'ya'yanta makaranta. Yatsunta duk tabon ƙuna ne. Kullum sai ta cusa bakin mayafinta cikin riga don kada ya taɓa wuta, kuma tana da tsohon buroshin haƙori da take goge kowane allo da shi kafin ya bar hannunta. Ranar da na fara aiki ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Digiri, ka karya kuwa? Ko kwamfutar ce za ta ciyar da kai?" Sunan ya bi ni.

Kamfaninmu yana ƙera 'yar na'ura mai auna sanyin ɗakin ajiye magani. Anti ke haɗa allon. Na'urar tana tura awo zuwa kwamfuta ta waya, harafi bayan harafi, abin da ake kira siriyal. Manhajar da ke karɓa an rubuta ta da harshen Rust, wanda ma'anarsa tsatsa, shi ya sa mu matasan ofis muke kiransa Tsatsa don wasa.

Wani mai sayen kayanmu ya kawo ƙara: kwamfutarsa ta nuna ɗakin ya yi zafi alhali har ƙanƙara ta daskare a ciki. Na bincika. Manhajar ce ba ta jiran ƙarshen layi, sai ta yanke saƙon, alamar ragi mai nuna sanyin ƙasa da sifili ta ɓace, sanyi ya koma zafi. Ina gaya wa abokin aikina, "Ai matsalar daga Tsatsa take," manaja na wucewa ta bakin ƙofa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya kira mai sayen, ya kira mai kamfani, ya shaida musu an gano mai laifi.

Daga teburin Anti na bi shi ofis.

"Yallaɓai, sunan harshen kwamfuta ne. Allon lafiyarsa ƙalau. Na ma gyara, zo ka gani."

"Da kunnena na ji ka."

"Ka ji, amma ba haka nake nufi ba."

"To sai in koma in ce wa mai kamfani ban san aikina ba? Yaro, ka iya bakinka. Kai ma gwaji ake maka."

Mutumin da bai san wayar aikawa daga ta karɓa ba, shi ya dakatar da matar da ta girme shi a wurin, don kawai kada ya ji kunya!

Anti tana naɗe wayar ƙarfenta na je ba ta haƙuri.

"Digiri, duk sunayen duniya kun rasa, sai tsatsa? Gobe ku sa wa wani gobara, a kore mu gaba ɗaya."

Ta yi dariya.

Na tsallake manaja, na tari mai kamfani a wajen motarsa, na nuna masa a kwamfutata saƙon yana shiga daidai da allon da Anti ta haɗa. Ya kalla, ya ce zai yi tunani.

Har yanzu Anti tana gida, manaja kuma ya daina amsa gaisuwata. Mai kamfani bai ce komai ba tukuna.