Irin Gyaɗar Gwaggo da Manhajar da Ta Ari Bakina

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Dungas, ni da wani abokin aikina da ya yarda ya goya ni a motonsa, wato babur. In labarin yawon buɗe ido kuke jira irin wanda na saba kawo muku a wannan shafi, ku yi haƙuri. Wannan tafiyar ban haƙuri ce, kuma har yanzu da nake rubutu raina a ɓace yake.

Ga abin da ya tashe ni. Kun san shekara uku ke nan ina rubutu kan noma idan na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa. Bara wani ɗan gayu ya zo yi mana formasiyo, wato horo, da kwat a tsakiyar bazara, ya nuna mana kayan aikin intanet. Biyu daga ciki ba ni da abin cewa sai godiya. Akwai mai tattaro mini sabbin rubuce-rubucen shafukan da nake bi a wuri guda, in karanta da safe ba tare da na ƙone forfe, kuɗin data, wajen yawo ba. Akwai kuma ɗan littafin rubutu na waya da ke aiki ko babu rezo, wato sabis. Ta ukun ita ce annobar. Za ka jera mata rubutu, ta riƙa saki a lokacin da ka sa mata. A cikinta akwai wani maɓalli, wai idan sabon rubutu ya ƙare sai ta ɗauko tsoho ta sake saki, don kada shafi ya yi shiru. Ya ce mu kunna, muka kunna kamar tumaki.

Da jarrabawa ta kama, na yi mako biyu ban leƙa shafin ba. Manhajar kuwa ta ɗauko rubutun bara, wanda na ce masu hasashen yanayi sun ba da labarin ruwa zai biyo a kai a kai, mai irin gyaɗa ya fitar. Ta manna masa ranar bana ta saki. A wani ƙauye bayan Yekuwa, inda Gwaggo ƙanwar mahaifina take aure, akwai tela mai babbar waya da ke karanta wa mutane rubutuna. Ruwa ɗaya aka yi musu. Dattawa suka ce a jira. Gwaggo ta ce ɗanta ya faɗa, kuma bara bai yi kuskure ba. Ta kwance irin da ta ɓoye tun kaka ta shuka, sama ta ɗauke kwana goma sha tara. Telan ne ya kira ni ya gaya mini. Na goge rubutun nan take, na ɗauka shi ke nan.

Hanyar Dungas zuwa Magariya ba ta taimaki mai fushi ba. Inda babu rami akwai yashi, inda babu yashi akwai amalanke da jakinsa ya yanke shawarar tsayawa a tsakiya. Gonaki duk an share su sun yi fes, mutane na zaune gindin gawo suna kallon gabas. Nan da can ka ga hatsin da aka binne tun kafin ruwa ya leƙo ya yi ja. Abokina na ta ba ni labarin ƙwallo, ni kuwa ina tsara irin maganar da zan yaɓa wa mai kwat in Allah ya haɗa mu.

Mun iso Magariya da hantsi, muka karya da ƙosai da kunun tsamiya a bakin tasha. Ƙosan ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba don ina fushi. Daga nan na shiga layin masu hatsi neman irin gyaɗa. Wanda ya taɓa neman iri bayan ruwan fari ya san wulaƙancin. Mai gyaɗar ya dubi takalmina ya dubi jakata, ya ce tiya jika biyu, sefa dubu biyu ke nan, ko tayi bai saurara ba. Na sayi tiya shida, iya abin da aljihuna ya kai, muka ɗaure a bayan moto muka ƙara wa moton esansi, fetur na kwalba.

Daga Magariya zuwa Yekuwa yashi ya ci ƙarfinmu, sau biyu ina sauka ina turawa. A Yekuwa muka bar moton wurin wani mai faci, muka hau amalanken wani dattijo da ya kawo itace. Rezo ya ɓace tun kafin mu fita gari. Na tuna yadda mai kwat ya ce da waɗannan kaya duniya na tafin hannunmu, na yi tsaki har dattijon ya waiwayo.

Kafin in shiga gida na ce a kai ni gayaunar Gwaggo. Layi-layi ne na ɗan tsiro da ya fito ya ƙone, ka taɓa ya murmushe a hannu. Wasu ramukan ma kurciyoyi sun tone. Na daɗe a tsaye, kunya ta rufe ni.

Na same ta tana tankaɗe. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka dama mini fura, duk ba ta ɗago maganar ba. Ni na ɗago. Na yi ta kame-kamen bayani, manhaja kaza, maɓalli kaza.

"Ɗan nan, ni ban san maɓalli ba," in ji ta. "Tela ya ce kai ka rubuta. Kai ka rubuta ko ba kai ba?"

"Ni na rubuta, Gwaggo, amma bara."

"To bana wa ya faɗa?"

Sai ga telan ya yi sallama yana haki. Ashe kullum bayan azahar yakan hau wani tudun yashi inda ake samun rezo. Ya miƙo mini wayar, ya kira ni Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, ga shi yanzu-yanzu ka ce gyaɗa ta rufe ƙasa, a shiga noman fari. Kai da kake nan zaune?"

Jama'a, ban taɓa jin fushi irin na wannan lokacin ba. Rubutu ɗaya na goge, ashe abar tana nan tana bin na bara ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa mutanen da gonarsu ta ƙone albishir da sunana. Na fita da gudu na hau tudun da kofin fura a hannu, abokina na bina yana dariya. Rezo sanda ɗaya. Shafin ya buɗe rabi ya tsaya. Da ƙyar ya buɗe, ya ce in tabbatar ni ne ta lambar da zai aiko, lambar ba ta iso ba sai da wa'adinta ya wuce. Sau huɗu muna haka. Wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa tsayawa kan tudu da rana tsaka yana ɗaga waya sama ba. Sakin ƙarya ba ya buƙatar izinina, tsayar da ita ce sai na kawo shaida. Na sauko ban kashe ba, na roƙi telan kada ya sake karanta komai sai ya ji muryata.

Da la'asar na ajiye wa Gwaggo buhun irin. Ta buɗe ta duba ƙwayar, ta ce mai kyau ce. Sai ta aika aka kira mata shida daga maƙwabta. Ashe ba ita kaɗai ta shuka ba. Gida-gida ta bi tana cewa ɗan wanta mai ilimi ya ce a fitar, suka bi ta. Tana zaune ta auna wa kowacce tiya guda, ta kakkaɓe buhun ta ninke ta miƙo mini.

"Gwaggo, ke fa?"

"Ni na kai su. Wake zan sa bana."

Mun kwana a Yekuwa, washegari muka juyo. A Magariya, inda rezo ke da ƙarfi, na zauna kan bencin mai shayi na tono maɓallin can ƙarƙashin shafi na uku, na kashe, na cire manhajar gaba ɗaya. Mun shiga Dungas da magariba, ƙugu kamar ba nawa ba.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Mai tattaro labarai da littafin rubutu suna nan, don su taya ni suke yi, ba sa magana a madadina. Duk abin da zai saki magana da sunanka ba ka duba ba, ka kashe shi yau, musamman in kana rubuta wa mutanen da ke ɗaukar maganarka su kai gona. Daga yanzu kowane rubutuna zai fara da rana da shekara da garin da nake nufi, in kuma ba ni da sabon abu shafin zai yi shiru.

Shekara talatin Gwaggo na matse mai tana soya ƙuli da gyaɗar gayaunarta, da kuɗin ta saya mini rigar lakwal ta farko. Bana sai dai ta saya a kasuwa in za ta soya, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.