Sarkin Kubi a Allo na Sha Huɗu

Akwai wata Asabar da ko zan manta da sunana ba zan manta da ita ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna ta ina tuƙi, sai in ji ina rage gudu ba tare da wani dalili ba.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a nan Minna, kuma ba abin da nake so a duniya kamar wasan karta da ake kira birij. Kada ku ɗauka caca ce, ko sisi ba a sawa. Mutum huɗu ne a tebur, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokin wasansa. A gasa kuwa ba a sake cakuɗa katin. In an gama hannu, kowa ya mayar da katinsa cikin wani ɗan allo mai aljihu huɗu, a miƙa wa tebur na gaba su buga shi yadda yake. A ƙarshe a duba wa ya fi iya sarrafa katin da kowa ya riƙe. Saboda haka babbar dokar ita ce, in kunnenka ya jiyo wani abu game da allon da ba ka buga ba tukuna, ka tashi nan take ka gaya wa alƙalin gasa.

Abokin wasana wani dattijo ne Bagwari, Kirista, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya koma noman doya a Maikunkele. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Shekara goma sha ɗaya muna zama fuska da fuska, kuma gaskiya ya sha haƙuri da ni. Ni mutum ne mai baƙar gardama. In Baba ya jefa kati don kawai ransa ya ba shi, sai in tsare shi a gaban mutane da lacca, in ce karta lissafi ce, ba a yin ta da jin jiki. Shi dai ya yi murmushi ya ce, "To, Malam, na ji." Burinsa ɗaya ne, mu ci gasar da ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙungiyarmu a Abuja. Sau uku muna zuwa na biyu.

Ranar da nake ba ku labari, gasar ta kama a zauren ƙungiyarmu da ke kan hanyar Chanchaga, kuma tun safe katin yake bin mu. Da aka ba da hutun azahar na zagaya bayan zaure wajen famfo don in yi alwala. Ina wanke ƙafa sai na ji wasu mutum biyu ta cikin taga suna musu, ɗaya yana cewa, "Haba! A na sha huɗu sarkin kubi shi kaɗai ne a hannun na damanka, da ka buga as da ya faɗo." Kubi shi ne katin nan mai jan zanen zuciya, as kuma shi ne babban katin da ke cin sarki. Mu kuwa ba mu kai ga allo na sha huɗu ba.

Na san abin da ya kamata in yi. Teburin alƙali bai fi taku ashirin daga inda nake ba. Amma na ƙarasa alwalata, na yi sallata, na dawo na zauna kamar ba abin da ya shiga kunnena. Na gaya wa kaina ai ba ni na je neman maganar ba, ita ta zo ta same ni. Kai, mutum ya iya yi wa kansa wayo!

Da allon ya iso teburinmu, sai ya zama ni ne zan ja wasan. A birij, abokin mai jan wasa yakan shimfiɗa katinsa a fili ya zauna shiru, don haka Baba ba shi da aiki sai kallona. Abokan karawarmu wata likita ce da mijinta, su ne ke dab da mu a maki. A irin wannan hannu, duk wanda ya san lissafi zai riƙe as ɗinsa ya gwada sarauniya, domin ta nan aka fi samun nasara. Na ɗan dafe goshi na yi kamar ina tunani, sannan na buga as. Mijin likitar, wanda ke damana, ya saki sarkin kubi a tebur yana girgiza kai. Matarsa ta ce, "Malam, kai ko aljani!" Na yi dariya har da gyara hula.

Da aka gama buga komai ana haɗa maki, labari ya riga ya zaga cewa mu ne a gaba, kuma wannan allon ne ya raba mu da likita. Mutane suna ta zuwa suna ba ni hannu. Baba ya jawo kujerarsa kusa da ni, ya rage murya.

"Malam, wannan sarki, yaya ka san shi kaɗai ne?"

Na ce, "Jikina ne ya ba ni, Baba."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Shekara sha ɗaya, jikinka bai taɓa ba ka komai ba. Ni ne jikina yake ba ni, kai kana faɗa." Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Na sunkuyar da kai ina jujjuya biro a hannuna.

Sai ya miƙe a hankali, ya tafi wajen alƙali. Zauren ba shi da girma, kowa ya ji abin da ya ce. "Oga, allo na sha huɗu, a cire mana shi. Mun san inda sarki yake kafin mu buga." Mun, ya ce. Bai juyo ya kalle ni ba ko sau ɗaya.

Nan take gunaguni ya tashi. Tun da shi ya miƙe, kowa ya ɗauka shi ne ya jiyo maganar ya yi mini wata alama a ɓoye, daga baya kuma zuciyarsa ta dame shi. Na ji wani a bayana yana cewa, "Tsoho da shi, da furfurarsa." Wani ma ya dafa kafaɗata ya ce, "Yi haƙuri Malam, ya ja maka." To a nan ne abin da ya fi ci mini rai ya faru, domin satar jin ba ta kai wannan muni ba. Kalma biyar kawai ake bukata daga bakina: ni ne, ba shi ba. Na buɗe baki, na dubi mutanen da suka gama yabona yanzun nan, na rufe. Har na gyaɗa wa mai ba ni haƙurin kai.

Aka soke mana allon, aka ƙara da horo, likita da mijinta suka samu Abuja. Kamar kullum ni na ɗauki Baba a mota zan kai shi gida. Muka maƙale a cunkoson Kpakungu, masu babur suna ta hon. Sai da muka fita gari na iya cewa, "Baba, a famfo na ji."

Ya ce, "Na sani ka ji a wani wuri."

"Me ya sa ka ce mu?"

"Tebur ɗaya muka zauna. In an kira sunanka da kofi, da nawa za a kira." Sannan ya ƙara da cewa, "Na yi tsammani za ka tashi ka tsaya kusa da ni. Shi ke nan."

Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da muka isa ya sauka, ya shiga gida ya fito da doya biyu ya sa mini a bayan mota ya ce in gai da iyali, ni kuma na kasa haɗa ido da shi.

Kuna tsammani washegari na je na wanke shi? Mako uku na yi ina ɗaga ranar. Mako ukun nan Baba bai leƙo ƙungiya ba, ana ta cin namansa ina zaune ina ji. A Asabar ta huɗu na miƙe kafin a raba kati, na faɗi komai. Aka dakatar da ni wata shida, kuma na cancanci fiye da haka. Daga zauren na wuce Maikunkele, na same shi a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaya masa abin da na yi, na roƙe shi ya dawo.

Ya ce, "Tashi, Malam. Tun a mota na yafe maka. Amma wasan nan, kana ajiye katinka ka ba mutum amana ka yi shiru. Yanzu in ka buga mai kyau, zan riƙa tambayar kaina. Ka nemi wani."

Zumuncinmu bai yanke ba. Ya zo bikin ƙanwata, na je jana'izar matarsa, amma bai sake zama a gabana da kati a hannu ba har Allah ya karɓi ransa, kuma bai taɓa zuwa gasar Abuja ba.

Abin da na koya shi ne, laifi yana da lokacin da ake amsa shi, kuma lokacin gajere ne ƙwarai. Nawa bai fi minti ɗaya ba, sa'ad da dattijon nan yake tsaye shi kaɗai a gaban alƙali yana jiran in taso. Na zo bayan mako uku, na samu gafara, amma abokin wasana ya riga ya tafi.