Mai Launi da Kujerar Yayanta

A masana'antar fentin da ke ƙarshen layin masu katako, ba wanda yake kiranta da sunanta. Mai Launi ake ce mata tun tana 'yar firamare, lokacin da take zuwa ta tsuguna kusa da mahaifinta tana kallon yadda yake ɗiga shuɗi a cikin fari yana juyawa da sanda. Shi da ƙanensa suka kafa wurin, daga rumfar kwano da 'yan duro-duro. Ita kaɗai Allah ya ba shi. Da ta girma ta karanta kimiyyar sinadarai, ta dawo aka ware mata wani ɗan ɗaki a bayan sito, mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Nan take wuni da kwalabe da ma'auni, farcenta bai taɓa fita tas ba.

Da mahaifin ya rasu, ƙanen nasa, Baffa, ya riƙe wurin na ɗan lokaci, sannan ya miƙa wa babban ɗansa, wanda ya dawo daga ƙasar waje da digirin gudanar da kasuwanci. Ma'aikata suna ce masa Manaja, ita kuma tana ce masa Yaya. A gaskiya ba sakarai ba ne. Ya kawo kwamfuta, ya gyara sito, ya hana satar galan. Matsalarsa ɗaya, bai iya ganin mutum ya bar shi da mutuncinsa ba.

Ta daɗe tana haɗa wani fenti da damshi ba ya ɓare shi daga bango. Ranar da aka tara dilolin da ke sayen kayansu, ta shigo ofis da allon gwaji a hannu, ta fara bayani. Ba ta kai rabi ba ya ɗaga mata hannu.

"Ƙanwata, nan maganar kasuwa ake yi. Koma wajen bokitinki, in an rasa mai juya fenti za a aiko."

Dilolin suka yi dariya, wasu har da buga cinya. Baffa yana zaune a gefe, ya sunkuyar da kai yana danna waya kamar ba a ɗakin yake ba. Bayan 'yan makonni Yaya ya rufe ɗakin gwajin, ya ce ya fi sauƙi a sayo haɗaɗɗen sinadari daga waje, ya mayar da ita teburin ƙofar shiga tana amsa waya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Sai dai duk wanda ya san ta ya ga ta daina dariya da baki buɗe.

A wannan teburin ta nemi tallafin karatu, kuma ta samu. Makarantu biyu suka ɗauke ta a ƙasar waje guda ɗaya. Ta farko ƙaramar jami'a ce a bakin teku, inda ake digiri na biyu kan kimiyyar fenti zalla, kuma farfesan wurin ya karanta aikinta ya ce ita yake nema. Ta biyu makarantar kasuwanci ce a babban birni, irin wadda Yaya ya yi. Tsohuwar malamarta ta jami'a ta kira ta, ta ce masu digirin kasuwanci sun cika gari, amma mai hannu irin nata sai an tona, kada ta yi wasa da baiwarta. Ta ce ta gode, za ta yi tunani.

Umma ce ta tsare ta a kicin tana wanke kofi, ta tambaye ta wanne ranta yake so.

"Na fentin."

"To me ya hana?"

"In na karanta fenti, Umma, zan dawo na fi kowa iyawa, kuma Yaya ne dai zai ce in yi ko kar in yi. Abin da ya karanta nake so in karanta. Ina so in ga me aka ba shi a can da ya sa yake taka mutane."

Umma ta ce karatun da aka yi don wani ba ya daɗi. Ta ce ai ba daɗi za ta je nema ba.

Kuma ba ta ji daɗin ba. Lissafin riba da asara yana sa mata ciwon kai, abokan karatunta masu kwat suna magana kamar rediyo. Akwai wani shagon kayan gini a hanyarta ta zuwa aji. In ta wuce ƙamshin fenti ya bugi hancinta, sai ta ƙara sauri. Amma duk aikin da aka ba su, masana'antar gidansu take ɗorawa a kan tebur ta feɗe. Kafin ta gama, ta san inda wurin yake da ƙarfi da inda yake da taushi: dilolin da ya dogara da su 'yan kaɗan ne, kaya ba sa isa da wuri, kuma Yaya yana barin manyan mutane a kan benci suna jiransa.

Da ta dawo ba ta taka masana'antar ba. Ta kama aiki da wani babban kamfanin fenti da ya daɗe yana neman shiga kasuwar ya kasa. Da ƙafarta ta riƙa bin dilolin shago-shago, ta zauna a kan bokiti, ta sha shayinsu, ta tambayi 'ya'yansu da sunayensu. Waɗanda suka yi mata dariya ba ta tuna musu ba, su ma suka yi kamar sun manta. Ta yi musu alkawarin kaya a kan lokaci, ta cika. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale daga wajen Yaya. Duk ma'aikacin da Yaya ya kora, washegari yana da aiki a wajenta. Fentin damshin nan kuwa ta miƙa wa masu gwajin sabon kamfanin, suka ƙarasa shi, har suka gyara abin da ita ta kasa. Ranar da ta ga sakamakon ta yaba musu, ta koma ofis ta rufe ƙofa.

Umma ta ce mata gumin ubanta take rushewa. Ta ce ba rushewa take yi ba, karɓowa take yi.

Haka kuwa aka yi. Injinan masana'antar gidansu suka fara kwana a kashe, dole Baffa ya yarda ya sayar wa babban kamfanin, su kuma suka ɗora ta a kan wurin. Yaya ya zaci korarsa za ta yi, har ya kwashe kayansa a kwali. Ba ta kore shi ba. Ta ba shi aikin tallan kaya, ya riƙa yawo shago-shago da littafin launuka, duk ƙarshen mako ya zo ya tsaya ya yi mata bayani. Yana da iyali, kuma sunansa ya ɓaci a kasuwa, sai ya karɓa.

Baffa da kansa ya zo ofis, yana dogara sanda. Ta miƙe ta tare shi, ta gaishe shi cikin ladabi, ta zuba masa shayi da hannunta. Ya ce ta dubi zumunci ta sassauta wa ɗan'uwanta, ko wani ofis ne ta ba shi a ciki, ya huta da rana da idon mutane.

"Baffa, Yaya ya san kasuwa," in ji ta a hankali. "Shi ya sa na bar shi a cikinta."

Tsohon ya ajiye kofin bai sha ba. Ta raka shi har mota, ta buɗe masa ƙofa, ta ce a gaida mutanen gida.

Har yau tana kan kujerar. Masana'antar ta farfaɗo, an ƙara injina, ma'aikata suna tsoronta suna kuma yabonta. Dangi sun rabu biyu a kanta, wasu ba sa amsa gaisuwarta. Yaya ya yi shekara da wani abu yana talla, sannan ya samu aiki a wani gari ya kwashe iyalinsa ya tafi ba sallama. Da aka gaya mata, ta tambaya wa zai riƙe shagunan da yake bi, ta ce a turo mata shi bayan la'asar.